Waɗanda Bashi Ya Yi wa Katutu: Rabonsu a Zakka da Lissafin da Ke Kansu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan uwa masu ba da zakka da waƙafi, da dattawan kwamitocin masallatanmu na Gwandu da Kalgo: a cikin rukunai takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta keɓe wa zakka, na shida su ne al-garimina, wato waɗanda bashi ya danne. Wannan rukuni shi ne ya fi wuyar ganewa. Fakiri da miskini halinsu a fili yake, liman ya san su, mai unguwa ya san su. Wanda ake bi bashi kuwa yana iya zuwa masallaci da wankakkiyar riga ya tsaya a sahun gaba, alhali ya yi wata uku yana kauce wa hanyar da ta bi ta ƙofar shagon mai taki. Idan aka gano shi aka biya masa, sai masu bayarwa su yi tambayar da take da hujja: mene ne tabbacin cewa baɗi ba zai dawo da wani bashin ba? Darasin bana a kan wannan tambaya yake.

Matsayin bashi

Cin bashi halas ne. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa yana jingine a hannun wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Hausawa ma sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da shari'a ta tsananta a kansa shi ne sakaci da biya. Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi komai in ban da bashi. Akwai kuma labarin gawar da aka kawo, Annabi (SAW) ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, da aka ce ana bin sa, bai bar abin biya ba, sai ya umarci sahabbai su sallace shi su, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin sannan ya yi masa salla. A rabon gado ma, bayan hidimar jana'iza bashi ake fara cirewa, kafin wasiyya, kafin magada su taɓa ko da tsintsiya.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka: a rubuta shi, a sa masa lokaci, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubuta ƙarami ko babba. Wani abu da ake yawan tsallakewa a ayar shi ne wanda ake bi bashin ne aka ce ya yi shifta ga marubuci. Da bakinsa zai faɗi adadin. A nan lissafin gida yake farawa, domin mafi yawan magidantan da bashi ya rikita ba za su iya faɗa maka jimillar abin da ake bin su a zama ɗaya ba. Sun san na mai kanti, sun san na suruki, sun manta da na mai nama, ba su taɓa haɗa su wuri guda ba, saboda tsoron abin da jimillar za ta nuna.

Yadda bashi yake shiga gidajenmu

A ƙasar Gwandu da Kalgo shekarar magidanci ba daidai take tafiya ba. Manomin gero da dawa a Kambaza ko Dalijan sau ɗaya yake ganin dukiyarsa a shekara, da kaka. Mai noman shinkafa a fadamun Diggi da Zuguru yana iya gani sau biyu, idan ya haɗa da noman rani. Amma ci kullum ne, rashin lafiya ba ta duba wata, kuɗin makaranta sau uku ne a shekara. Da kaka kowa yana sayarwa, farashi yana ƙasa. Lokacin ne kuma ake ɗaura aure, ake biyan tsofaffin basussuka, ake ɗinkin da aka jinkirta. Idan damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, sai wannan manomi ya koma kasuwa ya sayi irin hatsin da ya sayar, da tsada, galibi da kuɗin aro. Bashin bara ya tilasta masa sayarwa da wuri, sayarwa da wuri ta haifar da bashin bana.

A kan wannan tsohon ciwo sai sababbi suka hau. Ranar 17 ga Nuwamba, 2015, a Birnin Kebbi, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa ƙananan manoma rancen iri da taki da kayan aiki, wanda aka sani da Anchor Borrowers. Shirin ya bunƙasa noman shinkafa a jihar nan, ba mai musun wannan. Sai dai ya shigo da bashi mai takarda cikin gidajen da ba su saba da shi ba, wasu kuma suka ɗauke shi rabonsu ne daga gwamnati, ba su sa shi cikin abin da za su biya ba. A damina ta 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi gab da girbi, amfani ya tafi, bashi ya zauna. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, farashinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin kwanaki, kuma duk mai injin ban ruwa ya san cewa fetur ne jinin noman rani. Ma'aikaci ma bai tsira ba. An mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 a Yulin 2024, amma kafin ƙarin ya iso aljihu, kasuwa ta riga ta cinye shi.

Waɗannan duka daga waje suke, magidanci ba shi da iko a kansu. Akwai kuma na cikin gida, waɗanda muke jin nauyin ambata: lefen da aka cika don kada a raina dangi, kayan ɗakin da uwa za ta shekara biyu tana biya, gara, anko, taron suna da ya zarce ragon da sunna ta nema. Mutum yana da iko a kan waɗannan ɗari bisa ɗari, kuma a ganina su ne suka fi yawan mayar da wanda aka biya wa bashi cikin rami.

Sai nau'o'in yarjejeniya da ya kamata kowane kwamiti ya iya bambancewa. Abin da muke kira bashin kaka iri biyu ne. Idan ɗan kasuwa ya ba manomi kuɗi yanzu a matsayin farashin buhuna sanannu, na hatsi sananne, da za a kawo a lokaci sananne, wannan shi ne cinikin salam, kuma ya halatta, ko da yake mai tsoron Allah ba zai karya farashin har ya zama cin naman mabuƙaci ba. Idan kuwa buhu ɗaya aka bayar da damina don a karɓi biyu da kaka, ko Naira 50,000 don a karɓi 70,000, wannan riba ce, kowane suna aka sa mata. Haka jinginar gona. Mutum ya ranta wa ɗan'uwansa kuɗi, ya karɓi gonarsa yana nomawa shekara da shekaru, kuɗin kuma yana nan bai ragu da kwabo ba. Malamanmu na Malikiyya sun hana mai ba da rance cin amfanin abin da aka jingina masa, domin rance ne da ya jawo amfani. Ga shi kuma an karɓe wa mai gonar abin da zai biya bashin da shi.

Wane ne ya cancanci rabon al-garimina

Littattafan da muka karanta a zaurukan Gwandu, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani har Mukhtasar na Shaihu Khalil da sharhohinsa, ba su bar wannan babi a buɗe ba. Bashin ya kasance na mutane ne wanda za a iya kai mutum gaban alƙali a kansa. Kada ya kasance an ci shi don saɓo, kamar caca ko shaye-shaye, sai in mutumin ya tuba tuba ta gaskiya. Kada ya kasance mai abin da zai ishe shi ne ya faɗaɗa kashe kuɗi da gangan yana dogaro da cewa zakka za ta biya. Sannan ana so ya fara ba da abin da ke hannunsa na kuɗi da abin da ya wuce buƙatarsa, zakka ta cike gurbin da ya rage. A mazhabarmu har mamaci ana iya biya masa daga wannan rabo.

Ba a nufin a talauta mutum kafin a taimake shi. An ruwaito cewa Halifa Umar bn Abdul'aziz ya umarci gwamnoninsa su biya wa waɗanda suka ci bashi ba don wauta ko almubazzaranci ba, ko da suna da gidan zama da abin hawa da kayan ɗaki, domin waɗannan buƙatu ne da Musulmi ba ya rabuwa da su. Don haka ba za a ce wa manomi ya sayar da injin ban ruwansa ko shanun huɗarsa ba, ba kuma za a ce wa ɗan acaɓa ya sayar da babur ɗinsa ba. Amma fili na biyu da aka ajiye ana jiran ya yi tsada, wannan za a yi maganarsa.

Mas'aloli biyu suna yawan rikita mutane, bari in tsaya a kansu. Ta farko: attajiri yana bin wani matalauci bashi, ya san ba zai samu ba, sai ya ce ya yafe, ya lissafa shi cikin zakkarsa. A Malikiyya wannan bai isar ba, domin dukiyar da ya riga ya fid da rai da ita ce ya fanshi zakkarsa da ita. Ta biyu: bashi yana rage zakkar kuɗi, wato mai tsabar kuɗi zai cire abin da ake bin sa, in ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa, sannan ya duba ko ragowar ta kai nisabi. Amma bashi ba ya kayar da zakkar hatsi da ta dabbobi. Manomin da ya sami wusuƙi 5, wato sa'i 300, zai fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar, ko ɗaya bisa ashirin in da inji ya yi ban ruwa, ko da mai taki yana tsaye a bakin masussuka. Saboda haka mutum ɗaya yana iya zama mai fitar da zakka da kaka, kuma ya cancanci a biya masa bashi daga zakkar wasu. Kada kwamiti ya ga buhuna a zaurensa ya yanke hukunci kafin ya ga takardar bashinsa.

Lissafin da za a nema daga gare shi

Abin da nake ba kwamitoci shawara shi ne kada a miƙa kuɗin wannan rabo sai an zauna da mutumin, cikin sirri, mutum biyu kawai daga kwamiti, an rubuta abu uku a takarda ɗaya: duk wanda ke bin sa da adadin da lokacin biya, abin da ke shigo masa a shekara, ba a wata ba, da abin da gidansa ke ci. Wanda bai iya boko ba a rubuta masa da ajami. Abin nema shi ne ya iya karanta takardarsa da kansa.

Na ukun ne ya fi ba mutane mamaki. A tambayi magidanci kwano nawa na hatsi gidansa ke ci a rana, a ninka da kwanakin shekara, a mayar buhuna. Wannan adadi shi ne abin da ba a taɓawa. Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa Annabi (SAW) yana keɓe wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir, don haka tanadin shekara bai saɓa wa tawakkali ba. Shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya ba mutanen Masar, a aya ta 47 ta surarsa, ita ce su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci. Kakanninmu da suke zuba gero dami-dami a rumbu ba tare da sussuka ba sun san amfanin haka ta fuska biyu: ƙwari ba sa saurin cin sa, hannu ma ba ya saurin kai masa. Buhun da aka sussuke aka ɗinke, rabin tafiyarsa kasuwa ya riga ya yi.

Abin da ya rage bayan abincin shekara da zakka shi ake kasawa. Muslim ya kawo labarin wani mai gona da aka umarci girgije ya shayar da gonarsa, da aka tambaye shi abin da yake yi, sai ya ce yana kasa amfaninta uku: kashi ɗaya sadaka, kashi ɗaya shi da iyalinsa, kashi ɗaya ya mayar cikin gonar. Wanda ake bi bashi ya ɗauki wannan tsari, sai dai kason sadakar nafila ya koma ga masu bin sa, domin biyan bashi wajibi ne, yana gaba da kyauta, yana gaba da Umra, yana gaba da ƙarin aure. Kason da ake mayarwa gona kuwa, kuɗin iri da taki da fetur na noma mai zuwa, shi ne wanda in aka cinye shi dole a koma wurin mai ba da bashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga mai albashi lissafin ya fi sauƙi a takarda, ya fi wuya a aikace. Mu ƙaddara, don misali kawai, malamin makaranta yana karɓar Naira 90,000 a wata, ana bin sa 180,000. In ya ware 15,000 ranar da albashi ya shigo, kafin ya biya ta kasuwa, wata 12 zai gama. In zakka ta ɗauke masa rabi, wata 6. Idan ya gama, kada ya mayar da 15,000 ɗin cikin cefane. Gidan ya riga ya saba rayuwa ba tare da ita ba, sai ta koma asusun ko-ta-kwana, ko ta zama tunkiya a bayan gida. In kuwa ya ce zai biya daga abin da ya rage a ƙarshen wata, ba abin da zai rage. Wajen jeranta masu bi, a fara da wanda ke ƙaruwa ko wanda aka jingina gona a kansa, sai wanda mai shi yake cikin matsi, kamar mai ƙosai ko lebura da aka riƙe wa haƙƙi, sannan na dangi masu hali, bayan an je an gaya musu gaskiya an nemi lokaci. Aya ta 280 ta Baƙara ta wajabta wa mai bi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, amma ba zai saurara wa wanda ke ɓoye masa ba.

Adashi hanya ce mai kyau ga wanda kuɗi ba ya zama a hannunsa, muddin zubin daidai yake da ƙarfinsa, kuma an san tun farko inda kwasar za ta tafi. Wanda ya shiga adashi uku yana cin bashi don ya yi zubi ya ƙara wa kansa masu bi ne kawai. Ga mai son ajiya a banki ba tare da kuɗin ruwa ba, akwai bankunan da ke aiki bisa tsarin Musulunci, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in uwargida ba ta sani ba. Ita ce ke auna hatsi, ita ta san abin da ke zubewa. Da yawa daga magidanta suna ɓoye wa matansu bashi don kare girma, matan kuma suna ci gaba da nema gwargwadon abin da suke zaton akwai. Su ma matan suna da nasu basussukan, na kayan ɗaki da na biki, waɗanda mazan ba su sani ba, kuma ba za su taɓa kawo su gaban kwamitin maza ba. Kowane masallaci yana buƙatar dattijuwa ɗaya ko biyu amintattu, daga malaman Islamiyya, da za su zama ƙofar waɗannan. A kuma tuna cewa kuɗin sana'ar mace nata ne. In miji ya karɓa don cefane da sunan aro, bashi ne, a sa shi a takardar.

A sanar da babban ɗa ko wani amintacce inda takardar take. Zubairu bn Awwam (RA), ranar yaƙin Raƙumi a shekara ta 36 bayan hijira, ya kira ɗansa Abdullahi ya yi masa wasiyya da bashinsa. Da aka lissafa sai aka sami miliyan 2 da dubu 200, mafi yawansa ajiyar mutane ce da ya mayar rance a kansa don tsoron kada ta salwanta. Abdullahi ya sayar da filin Gaba ya biya, sannan ya ƙi raba gado har sai da ya yi shekara 4 yana shela a lokacin aikin Hajji cewa duk mai bin Zubairu ya zo. Mu a nan sau da yawa ranar sadakar uku ake fara jin masu bi, magada suna musu, ba takarda, ba shaida.

Abin da waƙafi zai iya yi

Zakka mallakawa ake yi, ba a ba da ita rance, kuma tana zuwa ne bayan mutum ya faɗi. Waƙafi yana iya tare shi kafin ya faɗi. Malaman Malikiyya sun halatta a yi waƙafin tsabar kuɗi don a riƙa ranta wa mabuƙata suna mayarwa, abin da aka mayar ya tsaya a matsayin asalin. A Pakistan, ƙungiyar Akhuwat da Dakta Amjad Saƙib ya kafa a Lahore a 2001 ta ginu a kan rance marar ruwa, kuma a masallatai take miƙa shi, a gaban jama'ar unguwa, domin mutum ya fi jin nauyin alkawarin da ya ɗauka a inda yake salla.

Irin wannan asusu a wurinmu lokacinsa biyu ne: farkon damina, lokacin taki, da kuma kaka, lokacin da ƙaramin rance zai hana manomi karyar da hatsinsa. Mai ɗakin ajiya da ba ya amfani da shi a Kalgo ko Gwandu yana iya yin waƙafinsa, manomi ya kawo buhunansa a rubuta, a ba shi rancen da bai kai ƙimarsu ba, ya sayar da kansa idan farashi ya tashi, ya biya abin da ya karɓa ba ƙari. Hatsin nasa ne, ribar tasa ce, asusun ba ya cin komai a ciki. Kuɗin gadi da maganin ƙwari sai a nemo su daga wani waƙafin dabam, don kada su zama ƙari a kan rance ta bayan gida. Sharaɗin shiga shi ne takardar nan guda ɗaya. Idan za a biya wa mutum daga zakka kuma, ya fi kyau a nemi izininsa a miƙa kuɗin kai tsaye ga mai bin sa, a gaban shaidu biyu, a karɓo takardar jingina in akwai, a rubuta ranar da gonar ta koma hannun mai ita.

Allah ne Mafi sani.